Littafin Lauwali da Mutanen Bagudo

Bagudo,
Oktoba, 1963.

Zuwa ga ƙanena Lauwali,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka a Zariya. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi. Mai gidana, baban Fatimata, ya tafi Lolo da jirginsa na ruwa, da yana nan da ya sa tasa gaisuwar.

Littafinka ya iso. Malam Ɗanmaliki, hedimasta, shi ya zo da shi daga Birnin Kebbi, ya kawo mana har gida. Da Inna ta ji an ce sunanka ne a bango, sai ta karɓa ta juya shi, ta shinshina, ta ce ashe haka yake da ƙanƙanta. Bayan ya fita kuwa ta yi kuka, ta ce ina ma Baba ya ga wannan rana.

Na karance shi kafin in ɗora tukunya, har tuwon ranar ya makara. Sunan ma kaɗai, Takalmi a Bakin Rijiya! Tun daga inda aka wayi gari a kwalejin babu Hassan, sai takalminsa guda, zuciyata ba ta kwanta ba. Yanzu ina karanta wa matan ajinmu na yaƙi da jahilci kaɗan-kaɗan bayan darasi, kuma tun da na fara, har waɗanda suka daina zuwa sun dawo.

Ka ce in gaya maka gaskiyar abin da mutane ke faɗi, to ga shi. Malam Ɗanmaliki ya ce ba a taɓa rubuta irinsa da Hausa ba, kuma ƙasar da ta samu mulkin kai dole ta samu masu ba ta labarin kanta. Kimba mai kanti ya ce shi tun tsakiyar littafi ya gane Ɗanliti ne ya yi kisan, kuma ka gaggauta ƙarshen kamar mai gudun ruwan sama. 'Yar Baba, ƙawata, haushinta yarinyar nan ɗiyar mai dafa abinci: ta ga komai da idonta amma ka hana ta buɗe baki har shafin ƙarshe. Na'ibin liman bai karanta ba, an ba shi labari ne, ya ce da ma da ƙyar ake samun iyaye su ba da yara boko, yanzu ka nuna musu makaranta wurin jefa mutane rijiya ce. Ni dai na ce masa ƙanena a makarantar ya kwana shekaru, ga shi da ransa.

Abu guda ne ya ɗan tsaya mini. Da na kai inda ka kwatanta Ɗanliti, ɗan Sarkawa masunta mai tabon ƙugiya a bayan hannun hagu, wanda in ya fusata sai Dandanci, harshen gidansu, ya kuɓuce masa, sai matan ajin suka kalli juna. Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Malama, wanga ai mijinki na!" Muka yi dariya duka. Na san don kun zauna ɗaki ɗaya a kwaleji ne ka ari kamanninsa. Amma da ka canja hannun ko da zuwa na dama ne.

Ka gaishe da malamanka. Allah Ya ƙara basira.

Yayarka,
Mariyamu.

Bagudo,
Janairu, 1964.

Ƙanena Lauwali,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina yi maka barka da shiga azumi. Takardarka ta same mu, tare da yankin jaridar da ka aiko. Na ga mai sharhin ya yaba maka, na kuma ga wasiƙar mutumin Katsina da ya ce littafin ya hana shi cin abinci, da ta ɗayan da ya ce yaro ne ya rubuta, a ba shi lokaci. Na yi maka murna. Sai dai su waɗannan daga nesa suke karatu. Mu nan a cikin littafin muke zaune.

Ka ce kada in damu, kowa ya san labari ƙagagge ne. Lauwali, ba kowa ba. Littafin guda ɗaya ne a garin nan, amma ya zaga har Lafagu da Tsamiya, kuma inda bai je ba labarinsa ya je, a bakin waɗanda ba su san baƙi ba. Su a wurinsu abin da aka buga da inji ba ya zama ƙarya. Ka san dalilin da ya sa mai gidana ya baro kwaleji bai gama ba: mahaifinsa ya rasu, babu mai riƙe jirgi da gida sai shi. Kai ka raka shi tasha. To yanzu a kasuwa cewa ake korarsa aka yi, an rufe maganar ne don kada sunan makaranta ya ɓaci, kai kuma da ka san sirrin ka fitar da shi da dabara. Har akwai mai rantsuwa ya san dangin Hassan a Argungu. Hassan ɗin da ka ƙaga da alƙalaminka!

Da farko wasa ne. A bakin kogin Kwara samari su ce wa mai gidana, "Ɗanliti, a ƙetare da mu," shi ma ya yi murmushi. Daga baya mata masu kai kifi da shinkafa Lolo suka fara jiran jirgin wani mai suna Ango ko da na mai gidana ya fi kusa tashi. Wani Alhaji na Kamba da ya daɗe yana ba shi amanar atamfa ya kai Dahome, ya aiko cewa bana ya yi wani shiri. Shekaranjiya Fatimata ta dawo daga makarantar allo tana kuka, wai an ce kada a je ɗiban ruwa da ita, gidansu ana tura mutane rijiya. Yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama fitarwa ba.

Shi mai gidana yana ta harkar jirginsa. Bai karanta littafin ba, ya ƙi ko taɓa shi. Sai na lura ya fara sa riga mai dogon hannu ko zai shiga ruwa, kuma in ana hira da Dandanci a zaure, da Hausa yake amsawa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Mahaifiyarsa, Inna Dela, ta daina shiga gidan iyayenmu, ita da Inna da suka yi shekaru ba a jin kansu. Ni kuwa na tsaya a tsakiya, in na je can a ce ƙanenki, in na dawo nan a ce mijinki.

Na daina karanta wa matan aji. Sun yi ta roƙo, wai an bar su a inda ɗan sanda ya sa a yashe rijiya. Na ce idona ke ciwo.

Don Allah ka zo da sallah. In mutane suka gan ku tare, kafaɗa da kafaɗa a filin idi, ina jin maganar za ta mutu. Ba na roƙonka ka ce littafinka ba shi da kyau. Ka zo kawai.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa yin sahur da abu mai nauyi.

Yayarka mai ƙaunarka,
Mariyamu.

Bagudo,
Maris, 1964.

Lauwali,

Ina fatan kana lafiya, kuma jarrabawar da ta hana ka zuwa ta zo da sauƙi. Mu nan da sauƙi dai za a ce.

Takardar da ka aiko wa Malam Ɗanmaliki don ya karanta wa jama'a, ya karanta ta ranar kasuwa a gindin tsamiyar mahauta. Na san da kyakkyawar niyya ka rubuta. Ka ce mai gidana Hamma amininka ne kuma surukinka, bai taɓa cutar ko da kaza ba. Amma ka san mutanenmu. Waɗanda ba su taɓa jin maganar ba, ranar suka ji. Wasu suka ce in babu komai me ya kawo rantsuwa daga Zariya? Kimba, wanda da shi ne mai kushe littafin, shi ya tsaya yana faɗa da su, yana cewa ku jahilai ne, wannan tatsuniya ce ta zamani. Na'ibi ya ce laifin duka na mai rubutu ne, a ƙone littafin. Malam Ɗanmaliki ya ce sai dai a ƙone shi tare da shi. Aka watse kowa da tasa.

Abin da nake tsoro ya faru a makon da ya biyo. Da hantsi ne, a bakin ruwa, ana lodin albasa. Wata tsohuwa ta riga ta shiga jirgin mai gidana da jikanta, sai Ango ya ɗaga murya ya ce, "Iya, riƙe yaron ga da kyau, Kwara ta fi rijiya zurfi." Mutane suka yi dariya, tsohuwar ta jawo yaron ta fita. Waɗanda ke wurin sun ce mai gidana ya daɗe tsaye yana kallon ruwa. Sannan ya ɗauki filafilin tuƙa jirgi ya maka wa Ango a kafaɗa, yana zaginsa da Dandanci. Ƙashin ya goce. An kai su gaban alƙali, dattawa suka shiga tsakani, aka sasanta, Ango yana jinya a gida. Amma kafin la'asar gari ya ɗauka: kun gani, har Dandancin, daidai yadda littafi ya faɗa.

Mutumin da muka yi shekaru bai taɓa ɗaga mini murya ba, Lauwali.

Washegari bai fita ba. Ya ce in miƙo masa littafin. Ya zauna a ƙarƙashin rumfa tun safe, bai ci ba bai sha ba, sai da ya kai ƙarshe. Ina daka ina satar kallonsa. Wurin kisan bai motsa ba. Inda ya ajiye littafin ya rufe fuska shi ne inda Ɗanliti ke ba Hassan labarin yadda mahaifinsa ya koya masa gane zurfin ruwa da launinsa, da yadda yake jin kunya in 'yan birni sun ce yana warin kifi. Da ya gama ya ce mini, "Duk wannan ni na gaya mishi, muna kwance a ɗakin kwana. Ko ke ban taɓa gaya miki ba. Bai manta ko kalma ɗaya ba." Na ce to littafin fa? Ya ce, "Littafi ya yi kyau. Ba wanda ya taɓa saurarena kamar Lauwali. Shi ya sa abin ya yi zafi."

Ban san abin da zan ƙara a kan wannan ba. Na yi fushi da kai, na huce, na sake yi. Jiya na tarar da kaina na ɗauko littafin ina sake karanta babin rijiyar, ina jin daɗinsa, sai kunya ta kama ni kamar na ci amanar wani.

Mai gidana yana maganar komawa Madekali, wajen dangin Inna Dela a ƙasar Dahome. Ya ce can ba a karatun Hausar boko. Ni kuma ina da ciki, wata na huɗu ke nan, ban gaya maka ba ne don ban ga wurin sa shi a waccan takarda ba.

Ka yi mana addu'a.

Yayarka,
Mariyamu.

Madekali, Dahome,
Satumba, 1964.

Zuwa ga ƙanena Lauwali,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna. Takardunka duka sun iso, Kimba ke ba masu jirgi su kawo mini. Wadda ka rubuta wa mai gidana na ba shi hannu da hannu. Ya karanta, ya ninke, ya ajiye.

Mun taso kafin ruwa ya sauka. Ranar da za mu tafi matan ajina sun rako ni har bakin ruwa, 'Yar Baba tana kuka tana cewa wa zai ƙarasa koya musu haɗa baƙi. Inna ba ta iya zuwa ba saboda ƙafa. Ta riƙe hannun Inna Dela a zaure, su biyu suka yi ta kuka, ba wadda ta ambaci littafi.

Nan ba laifi. Kwarar dai ita ce, sai tutar da ke ofishin kwastan da Faransancin 'yan sanda. Mai gidana yana samun lodi zuwa garin Malanbil, Fatimata ta yi ƙawaye, Dandancinta ya fi nawa yanzu. Ni ce dai ba ni da aji, ba ni da allo, in na ga mata zaune da rana hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Na sauka lafiya, namiji. An sa masa sunan kakansa na wajen uba, muna kiransa Arzika.

Ka ce ka fasa littafi na biyu, ka yayyaga abin da ka fara. Na gaya wa mai gidana. Sai ya ce, "Wannan wauta ce. In ya daina, to don me na baro garinmu?" Ni ma haka na gani. Ka rubuta, Lauwali. Amma mutanen da za ka ɗauka ka sa a ciki, ka tuna da safe za su fita kasuwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna ita kaɗai ce a gida, kuma Kimba ya ce ta rame. In an ba ku hutu ka je ka zauna da ita, ka shiga kasuwa, ka ji masu yabo da masu zagi da kunnenka. Daga nan ka nemi motar Lolo. Na tambayi mai gidana ko in ce ka zo ka ga yaron. Ya daɗe yana gyaran komar kamun kifi bai ɗago ba. Can ya ce, "Kowace ranar kasuwar Lolo jirgina yana bakin ruwa. In ya zo, ni zan ƙetaro da shi da kaina. Ban yi alkawarin zan yi mishi magana ba."

Tafiyar ruwan da ɗan tsawo, ƙanena. Ka zo.

Fatimata tana gaishe da kawunta. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka har kullum,
Mariyamu.