Kwandon Malamin Lissafi

Zuwa ga ɗana Manase,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga gwaggonka. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a can gonar lemu ta Ostireliya, ya tsare maka bayanka daga hawan tsani. Mu nan tsibiran Ha'apai lafiya lau, sai gwiwata da ke ta tsegumi in hadari ya haɗo. Babanka Taniela yana nan yana yi wa kowa burga da sabon rufin da ka yi masa, kai ka ce shi ya hau ya buga kusoshin.

Ranar Juma'a aka yi bikin rufe shekara a sakandarenmu. Ka san al'adar, kowane malami iyayen yara su saƙa masa kwandon ganyen kwakwa, a cika da doya da kifi. Lokacin da na fara koyarwa, kwanduna sukan jeru daga bakin ofis har gindin mangwaro, mu kusan talatin, har ana faɗa kan kujera a ɗakin malamai. A wancan zamanin kowane jirgin ruwa da ya iso daga babban birni Nuku'alofa sai ya sauke mana sabon malami da akwatinsa, yana jiri. Ina kewar hayaniyar nan ƙwarai, Manase. Sannu a hankali muka tsufa, wasu suka rasu, matasa kuma kuka bi jirgin sama. Bana malamai bakwai suka tsaya a fili, kuma an ce haka abin yake a sauran tsibirai.

Amma kwanduna takwas aka kawo. Kalolaine, wadda ke shugabantar matan saƙa, ta lissafa da kai, ta manta ka tafi. Da aka kira sunanka babu wanda ya fito karɓa. Mata suka sa ta a gaba, wai ga amfanin rashin malamin lissafi nan, tsohuwa ta kasa ƙirga bakwai. Ita kuwa ta murguɗa baki ta ce hannunta ne ya saƙa, ba ita ba, wanda ya ji haushi ya je ya kai ƙarar hannun. An yi dariya, ni dai ban iya ba. Ni aka miƙa wa kwandon.

Washegari shugaban makaranta, Hingano, ya zo gidana ya zauna a ƙasa. Ya ce in aka koma makaranta a Janairu babu mai koyar da lissafi, za a rufe ajin ƙarshe, sai dai yaran su tafi babban birni. Ka san ba kowa ke da dangin da zai riƙe shi a can ba. Ƙanwarka Seini tana cikin ajin, ita da ke cewa likita za ta zama. Sai ya fito da abin da ya kawo shi: wai ni yayar ubanka ce, a al'adarmu abin da na nema a wurinka ba ka da bakin musu, in aiko maka da kalma ɗaya kawai. Na ce masa tun yana ajina yake son a ba shi amsa a tafin hannu, ya tashi ya ba ni wuri.

Gaskiyarsa ce, na sani. In na ce ka dawo za ka dawo, ko da ranka bai so ba. Shi ya sa ba zan ce ba. Na ga yadda guguwa ta bar gidan ubanka, na kuma san albashin malami ba zai rufe shi ba. Ban taɓa ganin laifinka ba. Sai dai na taɓa leƙa ajinka ta taga, na ga yara sun manta an kaɗa ƙararrawa, abin da ni ban samu ba duk tsawon aikina.

Ka gaishe mini da Sitani ɗan Kalolaine da duk yaranmu da kuke tare. Babanka da Seini suna gaishe ka, ita ba ta san abin da na rubuto ba. Kifin mun cinye. Doyar kuwa tana cikin kwandonta a ɗakina, na hana kowa taɓawa. Irin mai jimirin nan ce, za ta kai Janairu.

Gwaggonka da ta goya ka,
Lesieli