Takin Shanu a Gindin Heda

Daren Asabar, watan Agusta, Greensboro

Wa ya ce duk abin da aka shuka taki yake so?

Hedar da na shuka ta mutu. Tun lokacin sanyi nake karatu a kanta a laburare. Guntun tsiro ne na tuddan Turai, ganyensa ba ya zuba, kuma ƙasa mai tsami yake so, wadda ba ta riƙe ruwa. Shi ya sa na haƙe jar lakar bayan gida, na zuba yashi da ɓawon itace.

Ashe in na fita, Kawu Sale tausaya mata yake yi. Ya jibga mata takin shanu, yana ba ta ruwa safe da yamma kamar alayyafon fadama, har saiwar ta ruɓe.

Da na nuna masa, dariya ya yi: "Ɗana, abin da taki ya kashe, dama ba mai rai ba ne."

Haka ya maimaita a masallaci, bai ce shi ya zuba takin ba, a kunnen Alhaji Bala da zai ɗauke ni aikin lambu a unguwar Irving Park. Yanzu Alhaji ba ya ɗaga wayata.

Ran Juma'a mai zuwa dole Kawu ya tashi gaban jama'a ya amsa: wa ya zuba takin?