Surukina Ne Zai Gina Mini Murhun Gas

Anti Lami, don Allah ki taimaka mini, abin ya fi ƙarfina.

Ina aure a Dala, sana'ata gashin kaji. Tun da aka dawo mulkin farar hula tarurruka suka yi yawa, aiki ya buɗe, hayaƙin gawayi kuma ya kusa cinye mini ido. Maigidana ya tausaya, ya sayo kan murhun gashi na gas, za a gina shi a tsakar gida. To mai ginin surukina ne, mutumin da ko sunansa ba na faɗa. Shekara arba'in yana gini, kowa ya san hannunsa. Ya zaɓi lungun da rariya take, ya ce zai yi wa tukunyar gas ɗin akurki a ƙarƙashin murhun, ya rufe shi ruf, ko ƙadangare ba zai shiga ba. Ni kuma na taɓa jin cewa gas ba ya son a toshe shi. Ga shi rariyar nan ta ƙarƙashin katanga take bi ta faɗa gidan Inna Hajo, maƙwabciyarmu, tsohuwa ce, a gindin katangar take hura itacenta. Wallahi tsoro nake ji. Maigida ya ce shi ba zai koya wa ubansa gini ba. Ni ce zan iya? Asabar za a fara.

Mai Gashi, Dala.

Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya. Gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya bi gangare kamar ruwa. Rufaffen akurki zai tara shi, rariya ta kai shi murhun Inna Hajo.

Baba surukinki bai yi laifi ba. Ya saba gina abin da zai hana ɓera da ruwa shiga, ilimin gas ne bai zo hannunsa ba. Kada ku gyara masa magana. Maigida ya kira ƙwararren mai haɗa gas ya zo kafin Asabar, ya gaida Baba, ya yi masa bayanin gangaren nan, sannan ya nemi shawararsa kan inda ya dace. Maginin da ya san hanyar ruwa, da kansa zai matsar da murhun.

A gina shi a fili, nesa da rariya da rumfa. Tukunya ta tsaya a tsaye, gefe guda cikin inuwa, a akurki mai ƙofofin iska daga ƙasa. Mai gas ne zai haɗa tiyo, ya gwada da kumfar sabulu, ba ashana ba. Kin gama gashi, ki kashe daga tukunya.

In maigida ya noƙe, ki je wajen surukarki yau ɗin nan. Kunya ado ce, amma ba ta kai ran maƙwabciya ba. Allah ya tsare ku, ya sa kazar farko Inna Hajo ce za ta ci.