Kafin da Ruwan Goro

Laraba da dare, Ƙaura Namoda

"Anti, ke da kinka yi boko, kahin mi?" Haka Bello, mijin ƙanwata Hadiza, ya tare ni a asibiti. Likita ya ce za a ba jaririnsu bakwaini kafin, shi kuma tun safe yake jiran ƙarshen maganar.

Na ce masa sunan magani ne. Bakwaini kan manta da numfashi, maganin ke tuna masa. Kuskurena da na ƙara da cewa akwai sinadarin a cikin goro.

Bayan la'asar sai ga shi da ruwan dakakken goro a roba, yana murmushi kamar ya gama digiri. Wai gobe za su koma Zurmi, tunda maganin yana aljihunsa. Yaron da ko nono bai iya kamawa ba! Hadiza dai tana kallon bango.

Na ce, "Ai a kan uba ake fara gwadawa." Ya shanye, har da lashe baki.

Na nuna wa wata nas shi, na ce kada a bar wannan sabon likitan goro kusa da kwalbar da aka sa yaron a ciki. Ta murza makullin ɗakin jarirai, na tafi.