Gangar Birkin Motar Baba

Asabar, 2 ga Maris

Ta tashi! Tsohuwar motar Baba ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta kama ruri kamar da. Inna ta leƙo da hawaye, ta ce in ɗauke ta a motar ta je gaida ƙanwarta. Na yi alkawari. Ina ma Yaya ya ji, shi da ya ce tulin tsatsa na gada. Tun ranar rabon gado ko gaisuwa ba ma yi.

Litinin, 4 ga Maris

Saura birki. Na kwance gangunan baya, ƙarfen nan mai kama da kwano da birki ke matsewa a ciki. Duk sun yi zane. Na kai wa mai tana ya kankare su da injinsa. Murna ta hana ni zama.

Laraba, 6 ga Maris

Mai tana ya ɓata min rai. Ya goge tsatsa ya nuna min lambar da aka buga a bakin ganga, wai iyakar faɗin da za ta iya yi ke nan. Ta dama ta kusa kaiwa, ta hagu ta riga ta wuce. In ya ƙara kankarewa ƙarfen zai yi siriri, ya ɗau zafi a gangare ya tsage. Na roƙe shi ko ɗan shafawa ne, na ce Inna na yi wa alkawari. Ya ce, "Tsohuwa za ka ɗauka, ko buhu?" Na kwashe gangunana na dawo gida.

Alhamis, 7 ga Maris

Na zaga 'yan kayan gyara kaf ina neman ganga. Wani har dariya ya yi, wai kakansa ne ya sayar da irinta.

Juma'a, 8 ga Maris

Akwai su wuri ɗaya, na sani sarai. Matacciyar mota irin tawa da Baba ke cirar kaya a jikinta, a rabon Yaya ta faɗa. Tana bayan gidansa kaji na ƙwai a ciki. Ba zan je ba. Allah ba zan je ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Na je, don Inna kawai. Na tarar ya riga ya kwance su, ya wanke da kananzir, ashe Inna ta tsegunta masa. Ya ce in za a kai wa mai tana, a yi duka biyun daidai, kar mota ta ja gefe. Sai ka ce ban sani ba. Wai zai zo gwaji ya ga ko na iya tuƙi. Na goge kujerar gaba, ƙura ce kawai ta yi yawa.