Injin Kaka da Yaran Caji

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Da kunnenka yana jin waya da tuni na kira, to ga takarda, tunda ita kaɗai kake girmamawa.

Maganar injinka na buga takardu ce. Ka san shekara tara ke nan yana cibiyarmu ta adana kayan tarihi, an zagaye shi da jar igiya. Jiya shugabarmu ta ce manya ba sa zuwa kallonsa, matasa kuwa ko ɗaga kai ba sa yi, don haka ƙarshen wata za a sayar wa masu tsohon ƙarfe a sa kujeru a wurin.

Mun yi iya yinmu wajen jawo matasan nan. Mun shirya lacca, mutum huɗu suka zo, biyu sun yi barci. Abin dariyar shi ne kullum bayan an tashi makaranta sukan cika ɗakin injin, don a bayansa soket ɗin da ke aiki yake. Su zube a ƙasa suna caji, sun ba shi baya.

Na roƙa a bar ni in cire igiyar su tayar da shi da hannunsu. Kaka, ka zo ka koya musu, kai kaɗai ka san kansa.

Jikarka mai ƙaunarka,
Sarkin Surutu

Zuwa ga Sarkin Surutu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, rubutun nan naki har yanzu kamar kaza ta yi tsere a kai. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta.

Ba zan zo ba. Shekara talatin da huɗu ina taka injin nan, da shi na ciyar da uwarki, shi ya cinye mini kunne ban kuma yi nadama ba. Ranar da aka ɗauke shi na yi masa bankwana, na gama. Yaran da ba sa iya haƙurin minti ɗaya ba waya, su ne za su zauna su jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya? Wasa za su mayar da shi su lalata. Gara mai tsohon ƙarfe, shi aƙalla ya san nauyin abin da ya ɗauka.

Kuma kada ki wahalar da kanki, injin nan ba zai tashi ba. Ni na faɗa miki.

Allah ya yi miki albarka, ki riƙa cin abinci.
Kakanki

Kaka,

Sallama da gaisuwa. Na yi fushi da kai kwana uku, yau na huce don bakina ba zai iya riƙe wannan labari ba.

Na cire igiyar. Ban yi musu jawabi ba, na dai buɗe akwatunan haruffa na ce duk wanda ya samo sunansa ya jera. Wani dogon yaro ya ɗaga harafi ɗaya ya ce, "Anti, wai da haka ake yin littafi guda? Ɗaya-ɗaya? Kai, mutanen da sun sha wuya!" Kafin la'asar wayoyi suna ƙasa, caji ya cika babu mai cirewa.

Kwana biyu suka yi suna goge tsatsa da zuba mai. Da aka taka feda sai ta faɗi ƙasa, babu abin da ya motsa. Na ce shi ke nan, tsoho ya yi gaskiya. Amma akwai wata yarinya 'yar shekara sha biyar, babanta mai gyaran keke ne, ƙawayenta suna ce mata Injiniya. Ba ta cika magana ba. Ta kwanta a ƙasa da farin kayan makarantarta, ta haska da waya, ta ce, "Anti, ba lalacewa ya yi ba. Akwai ƙarfen da ke haɗa feda da babbar ƙafar nan mai juyawa, babu shi. Ga ramin ƙusarsa nan sumul, kwance shi aka yi."

Ta auna wurin da igiyar takalminta. Sau uku tana kawo ƙarfe daga shagon babanta bai zauna ba. Na huɗun, wanda ta yanko daga jikin tsohon keke, ya shiga.

Kaka, ni ban taɓa jin muryar injin nan ba, ina ƙarama aka rufe shagonka. Da Injiniya ta taka, ƙafar ta juya a hankali, farantin tawada ya motsa, bakinsa ya buɗe ya rufe kamar mai numfashi. Yara ashirin da wani abu a ɗaki, duk sun zuba masa ido. Da takardar farko ta fito, dogon yaron ya karɓa da hannu biyu yana cewa, "Wallahi mu muka yi! Babu wuta, babu komai!" Ni dai kuka na yi, ban ma ɓoye ba.

Yanzu sun fi arba'in, har layi suke yi. Ɗaya waƙarsa yake bugawa, wata sunan mahaifiyarta. Shugaba ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, ta ce za ta ɗaga sayarwar idan an sami ƙwararren da zai tsaya a kansu, don tana tsoron yatsunsu. Ba mu da kowa sai kai, kuma saura kwana shida.

Ga takardar da suka buga maka na haɗo, ban gyara musu komai ba:

"Kaka mai inji, mun tayar da shi. Tawada tana yi mana yawa a gefe ɗaya, mun rasa dalili. Don Allah ka zo."

Taka har kullum,
Sarkin Surutu

Jikata,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardar yaran, na shinshina ta, na juya bayanta na shafa. Sun danne da yawa, gefen hagu kuma yana buƙatar a sa masa takarda a ƙasa. Ban da wannan, aikin ya fi nawa na farko, kuma ni sai da na yi shekara ina shara kafin maigidana ya bar ni na taka. Tun safe nake zaune da ita a hannu.

Ƙarfen yana ƙarƙashin katifata. Ni na kwance shi ranar da aka zo ɗauka, don kada wani ya taka bayana. Shekara tara ina kwana a kansa ina ganin na tsare injin, ashe ni na kashe shi. Ki yafe mini.

Ki faɗa wa shugabarku ranar Asabar ina tafe, a tanadar mini kujera mai jingina. Zan taho da ƙarfen. Amma ki ce wa yarinyar kada ta cire nata, ina so in durƙusa in gani da idona.

Kakanki