Gajeru Uku, Dogo Ɗaya

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Ko kana raye ma, da Inna za ka miƙa wa ka ce ba ka ga tabaranka ba. Duk da haka zan rubuta.

Gida lafiya lau. Inna ta fita takaba, tana nan a gidanmu na Bron, gefen Lyon, har yanzu takalmanka na aiki suna bakin ƙofa. Ƙanena Sani ya samu aiki a masana'antar Saint-Fons, inda ka ƙarar da ƙarfinka. Ni kuma ina Paris ina busa saksofon a ƙungiyar kiɗan jaz, abin nan da kake kira bututun famfo. Ba ka taɓa zuwa ka ji ni ba. Kuma ba ka hana ni ba, ka dai ce ba ka ga ranar ɗiya mace ta kumbura kumatu a gaban jama'a ba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da ka cika a asibiti, Inna tana gefenka tana laƙƙana maka kalmar shahada, ni kuwa kunnena yana kan numfashinka. Gajeru uku, dogo ɗaya, sai shiru. Ƙirgawa nake yi, Baba, yadda nake ƙirga kiɗa. Ban yi niyya ba, kunnen ne ya saba. Ban yi kuka ran nan ba, har yau ban yi ba.

Bayan sadakar arba'in muka yi wasa a wani ƙaramin zaure a Paris. Da aka zo wurin da ake barin mai busa shi kaɗai ya yi abin da ya ga dama, sai na ji numfashin nan naka yana fita ta bututun. Mai ganga ya ɗaga sandunansa ya jira ni. Aka yi ta tafi, ni ina kallon wata fitila da ta mutu a saman zauren.

Masu sharhi suka rubuta a jarida. Ɗaya ya ce na kawo musu shirun hamada, ni da a talabijin kawai na san hamada. Ɗayan ya ce ba ni da numfashi, in koma in koyi riƙe iska. Na karanta su a cikin jirgin ƙasa na metro kamar mai karanta takardar magani. Na biyun ma ya fi kusa da gaskiya.

Tun daga nan duk inda muka je busar numfashin nan naka ake nema, ni kuma ina busawa. Sata na yi maka ke nan? Ɗiya tana da ikon ɗaukar fitar ran ubanta ta kai wa masu tafi?

Lahadin da ta wuce aka gayyace mu Lyon, wasan bayan la'asar. Sani ya lallaɓo Inna, karonta na farko. Ta zauna a layi na biyu da farin mayafinta, jakarta a cinya. Na yi niyyar tsallake wurin numfashinka a busar, amma da lokacin ya yi yatsuna suka tafi da kansu. Ban gama maimaici na biyu ba ta miƙe, ta ratsa mutane ta fita, ko waiwaye babu.

Washegari mai sharhin da ya yabe ni ya rubuta cewa wata dattijuwa 'yar Afirka ta fice ana tsakiyar wasa, wai kiɗan ya yi wa tsofaffin kunnuwa nisa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, Baba. A zauren nan kaf, ita kaɗai ta san abin da ta ji.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da na je gida ta zuba mini tuwo, ta tambaye ni ƙarfe nawa jirgina zai tashi. Da faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Asabar mai zuwa muna da wani wasan. Na gaya wa abokan busa na cire wurin numfashinka. Sun ce shi mutane ke zuwa ji, na ce su ji wani abu. Naka ne, na mayar maka.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Ɗiyarka mai kumbura kumatu,
Ramatu